Allurar da Ba Ta da Kafa

Ranar Litinin da safe Umma ta ba Baba wa'adi. Ba ta ɗaga murya ba. Tana zuba masa shayi ta faɗa, kamar mai tuna masa ya sayo sabulu.

"Malam, ɗakin nan na baya nake so. Daga nan zuwa Asabar da azahar, in babur ɗin nan ya tashi, ya zauna, ba zan sake magana ba. In bai tashi ba, mai gwangwan zai zo da amalankensa."

Baba ya ajiye kofi a hankali. "Mutumina za ki ba mai gwangwan?"

"Mutuminka shekara goma sha ɗaya yana kwance a ɗaki mai taga biyu, ni kuma ina yanka yadin mutane a kan teburin cin abinci."

Gaskiyarta ce. Umma tela ce, aiki kuma ya yi mata yawa. Duk kujerar da ka ja a falonmu sai ka tarar da hannun rigar wani a kai. Shi kuma Baba shekara ashirin ya yi yana zagaya makarantu a kan wannan babur, yana duba ko malamai sun shiga aji. Wata rana akuya ta tsallako masa titi, ya kauce mata, ya faɗa kwata, ƙafarsa ta hagu ta karye a wuri biyu. Wata biyar ya yi a kwance. Da ya warke ya je ya buga babur, sai ya yi tari sau biyu, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya mutu. Tun daga ranar bai sake tashi ba. Amma ko bayan da Baba ya yi ritaya, duk sati sai ya shiga ɗakin ya goge tankin da tsumma, ya ce masa, "Sannu, Mutumina."

Baba ya juyo ya dube ni. Ni ce auta, yayyena duk sun yi nasu gidajen, ni kuma na gama jami'a ina zaman jiran a kira ni aiki.

"Auta, ke kika yi karatu mai zurfi a gidan nan. Ki shirya."

"Baba, ilimin ƙasa na karanta," na ce, a hankali yadda na saba.

"To babur a sama yake tafiya?"

Washegari muka turo shi tsakar gida. Tayoyin sun kwanta, sai da muka ja shi kamar ragon da ya ga wuƙa. Gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin madubi da madubi. Zanzaro ya gina ɗakuna uku a ƙarƙashin sirdi. Da Baba ya buɗe murfin tanki, wani wari ya fito kamar na tsohon fenti, har Umma ta leƙo ta taga ta tambaya ko wani abu ne ya mutu.

Ba mu gama kakkaɓe ƙura ba mai gwangwan ya yi sallama. Wani siririn mutum ne mai hula a karkace, da idon da ke auna duk abin da ya kalla. Ya gaishe da Baba cikin ladabi, amma idonsa na kan babur. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa tanki da farce, ya kama ƙarfen baya ya ɗan ɗaga.

"Kai, ƙarfen da! Yanzu ba a yin irinsa. Baba, wannan yana da nauyi, Allah ya yi masa albarka."

"Sauke hannunka. Yau Talata."

"Ai gaisuwa kawai na zo yi."

"Ka gaishe shi. Sai anjima."

Ranar Laraba Baba ya ce mu je wurin Injiniya. Injiniya shi ne bakaniken da ke gyara babur ɗin tun yana sabo, kuma shi ne ya duba shi bayan haɗarin ya ce ya mutu mutuwar da ba ta da magani. Tun lokacin Baba ya rage gaisawa da shi. Muka same shi a rumfarsa, zaune a kan tsohuwar kujerar mota, yana sakace haƙori da tsinke. Babu babur ko ɗaya a gabansa.

"Ka zo ka duba min Mutumina," in ji Baba.

"Wanne? Wancan? Ranka ya daɗe, ai na yi maka ta'aziyyarsa tun tuni."

"Ka sake dubawa."

"Wallahi aiki ya yi min yawa."

Baba ya dubi rumfar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kaza ɗaya ce a ciki, tana tsattsagar ƙasa kusa da gwangwanin baƙin mai.

"Suna hanya," in ji Injiniya. "Kuma ga bayana. Ba na iya sunkuyo." Sai ya dube ni, ya rage murya. "'Yata, mamanku ta san kun zo nan?"

Na gyaɗa kai. Ya ɗan saki jiki, amma bai tashi ba. Da Baba ya matsa masa, sai ya ce mu wanke tanki da kananzir, mu sa sabon fulogi, mu canza baƙin mai, sannan mu kwance kafireta, wadda ke auna wa injin fetur da iska, mu wanke ta tas, domin tsohon fetur in ya daɗe yakan zama ƙaro ya toshe duk wata kafa. Muna juyawa za mu tafi ya ƙara da cewa, "Kuma duk abin da kuka gani a ciki, ko wanda ba ku gani ba, ni dai babu ruwana."

"Ka ji malalaci," in ji Baba a hanya. "Tsufa ya fara taɓa masa kai."

Wanke tanki ya ci mana yinin Alhamis. Muka cire shi, muka zuba kananzir da tsofaffin notina guda ashirin a ciki, muka toshe baki, Baba ya kama gefe ɗaya na kama ɗaya muna girgizawa. Ƙarar ta kai har bakin titi. Maƙwabciyarmu ta aiko a tambaya ko lafiya. Abin da ya fito ja ne kamar ruwan kwata bayan ruwan sama. Sau biyar muka yi kafin ya fito fari. Notina goma sha tara suka fito. Na ashirin ya ƙi, sai da Baba ya kifa tankin a kansa yana leƙawa ya faɗo masa a goshi.

Umma tana falo, kekenta na ta gudu, ko leƙowa ba ta yi. Ni dai na lura da abu ɗaya: ba ta damu ba ko kaɗan. Mutumin da ya sa wa'adi yakan riƙa saurare ko za a ci shi. Ita kuwa har 'yar waƙa take yi ƙasa-ƙasa.

Ranar Juma'a muka zo kan kafireta. A nan na gane cewa Baba, duk shekarun da ya yi yana hawan babur, bai taɓa ganin cikinta ba. Ya dai san inda take, kamar yadda mutum ya san yana da hanta. Na nemo wani bidiyo a waya, amma babur ɗin mai bidiyon ba irin namu ba ne, kuma duk lokacin da ya zo wurin da ake bukata sai ƙaton hannunsa ya rufe komai.

Muka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa. Idon Baba ba ya ganin ƙananan abubuwa, hannunsa kuma yana ɗan rawa, saboda haka ni ce mai riƙe sukundireba, shi ne mai ba da umarni. Na murɗe murfin da ke saman kafiretar, wani ɗan ƙarfe mai kama da gwangwanin yatsa ya fito tare da sifirin, maƙale a jikin wayar totur. Muka bar shi yana lilo a wurin. Na kwance notina biyu, na zare tiyon mai, kafiretar ta faɗo hannuna. Ba ta fi ƙaramin kofi ba.

"Wannan 'yar abar ce ta kwantar da ni shekara goma sha ɗaya?" in ji Baba. Ya karɓe ta yana juyawa kamar ɗalibar da aka kama tana satar amsa.

Da na buɗe ƙoƙon da ke ƙasanta, sai ga wani abu kore-kore ya bushe a ciki, ga kuma ƙaro mai ɗanko kamar zuman da ya shekara. Duk abin da na cire sai na ajiye shi a kan jarida bi da bi, na zagaye shi da biro, na rubuta lamba. Baba ya ji daɗin wannan ƙwarai.

"Ka ga amfanin jami'a," ya faɗa da ƙarfi, don a ji a falo.

Muka jiƙa komai a fetur cikin tsohon gwangwanin madara, na bi lungu-lungu da buroshin haƙori. Baba ya tabbatar min tsohon buroshi ne. Sai da dare ya fito yana tambayar wa ya ga nasa.

Da la'asar muka mayar da komai. Babu abin da ya yi saura a kan jarida, wanda Baba ya ce alama ce ta aikin ƙwararru. Muka zuba sabon fetur, muka ɗaura sabon fulogi. Baba ya ɗora babur a kan ƙarfen tsayuwarsa na tsakiya, ya yi bisimilla, ya buga kik.

Babur ya yi tari. Baba ya dube ni, bakinsa har kunne. Ya sake bugawa. Tari biyu, baƙin hayaƙi, shiru. Ya buga sau goma, sau ashirin. Zufa ta jiƙa masa riga. Muka cire fulogi, ga shi sharkaf da fetur, muka goge, muka mayar. Haka dai. Da ya kai wajen bugu na arba'in sai gwiwarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa, ya zauna a kan bokiti yana haki.

"Daidai irin tarin wancan karon," ya ce. Da aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi.

Asabar da sassafe na fito na same shi a tsugune gaban babur, ya riga ya sake kwance kafiretar da kansa, ya jera kayan a kan jarida ba bisa lamba ba. Bai ji fitowata ba. Yana shafa tanki yana cewa, "Ka yi haƙuri, Mutumina. Ni ne ban iya ba." Na koma da baya na yi gyaran murya, sannan na sake fitowa.

"Yauwa, Auta. Zo ki ɗaga wannan ki duba a rana."

Ɗan ƙaramin jan ƙarfe ne mai rami a tsakiya, wanda Injiniya ya kira jet. Na ɗaga shi na rufe ido ɗaya. Haske na shiga, amma kaɗan, kamar akwai saura a gefe.

"Na san a rina. Shi ne matsalar. Je ki wurin uwarki ki ce ta ba ki allurar nan tata siririya, wadda take ɓoyewa don kada a ara. Ta san ta."

Na shiga falo. Umma na kan keke tana haɗa wuyan riga, bakinta cike da fil. Ni kuma ba na iya doguwar magana, sai na gajarce saƙon.

"Umma, Baba ya ce ki ba ni allurar nan da kike ɓoyewa."

Keken ya tsaya cak. Ta cire fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya.

"Wace allura?"

"Ta kafireta. Ya ce kin san ta."

"Shi ya ce na san ta?"

"E."

Ban taɓa ganin Umma ta yi tsuru-tsuru ba sai ranar. Ta dubi ƙofa, ta dubi taga, ta dube ni.

"Injiniya ne ko? Na san za a yi haka. Mutumin da aka ce ya rufe baki shekara goma sha ɗaya, sai da aka zo kwana huɗun ƙarshe. Ya ransa yake? Ya ɓaci sosai?"

"Yana dai tsugune," na ce, don ban gane tambayar ba.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ta jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado, na ji tana ɗaga kaya. Ta fito da wata 'yar kwalbar magani, ta zazzage a tafin hannuna. Wani ƙyalle ne a nannaɗe, an ɗaure shi da zare. Na warware. Allura ce doguwa, fara, mai tsini a ƙasa, amma ta fi ta ɗinki kauri. A kanta akwai 'yan tsage-tsage biyar da wani ɗan ƙarfe kamar ɗan kunne maƙale a na tsakiya. Na juya ta, na sake juyawa.

"Umma, wannan ai ba ta da kafa. Ina ake zura zare?"

Muka kalli juna. Na ga lokacin da abin ya sauka a fuskarta.

"Auta. Me babanki ya ce, kalma da kalma?"

"Ya ce siririyar allurarki ta ɗinki, wadda ba kya ba da aro. Za mu share rami da ita."

Umma ta zauna a kan tulin yadi. Ta dafe kai da hannu biyu. "Na kashe kaina," ta ce. "Da bakina. Ba wanda ya tambaye ni."

Sai ta ja ni kusa ta faɗa min. Lokacin da Baba ke kwance da karaya, ita ce mai juya shi, ita ce mai kai shi bayan gida, shi kuwa ba shi da zance sai na ranar da zai sake hawa. Sai ta kira Injiniya ta tambaye shi wane abu ne mafi ƙanƙanta da za a cire babur ya ƙi tashi, ba tare da an ji masa ciwo ba. Ya ce allura, wadda ke tsaye a tsakiyar kafireta tana auna fetur. In babu ita, fetur zai yi ta kwarara har injin ya shaƙe. Tana tsaye a kansa ya cire.

"Da farko ya ƙi. Sai na ce to shi zai zo ya riƙa ɗaukar babanki in ya sake karyewa."

"To me ya sa ba ki yar da ita ba?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "In yar da kayan mutum? Ni ɓarauniya ce? Ajiya na yi masa."

Ta miƙo hannu in mayar mata. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, sai na ji na dunƙule nawa.

"Umma, jiya bai ci abinci ba."

"Na gani. Ni na dafa."

"Yau da safe na ji yana ba babur haƙuri. Ya ce shi ne bai iya ba."

Daga tsakar gida Baba ya ɗaga murya, "Auta! Ƙera allurar ake yi?"

"In ya hau ya faɗi fa?" in ji Umma, ba da ni take ba sosai. "Yanzu ƙashinsa ba irin na da ba ne." Ta ɗauki almakashi ta ajiye. Ta sake ɗauka. Sannan ta zaro siririyar allurar ɗinkin daga cikin ɗankwalinta ta ba ni. "Kai masa wannan. In kun gama, ki ce masa feturin jiya ya gurɓace, ya je ya sayo sabo."

Na share jet ɗin a hankali har haske ya fito zagaye, muka haɗa kafireta muka ɗaura. Na faɗa wa Baba maganar fetur ina kallon ƙasa. Ya ce wannan tunani ne na masu ilimi, ya ɗauki galan ya fita yana ɗingishi.

Ƙofa na rufuwa Umma ta fito tana naɗe hannun riga. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta murɗe murfin saman kafiretar, ta jawo ɗan ƙarfen nan mai kama da gwangwanin yatsa. Sai a lokacin na ga akwai rami a tsakiyarsa, fanko. Kwana biyu yana lilo a gaban idona.

"Tattare sifirin ɗin sama, ki riƙe da kyau. In ya kuɓuce miki sai gidan maƙwabta."

Na riƙe. Ta zame kan wayar ta gefe, ta zaro wani ɗan faranti, ta saki allurar ta cikin ramin, tsininta ya leƙo ta ƙasa. Ta mayar da faranti, ta maƙala waya, ta ce in saki. Ta zura komai a mazauninsa, ta juya shi kaɗan har ya faɗa da kansa, ta ɗaure murfi. Duka bai kai yadda take sa maɓalli biyu ba.

"Sau ɗaya kika gani, Umma?"

"Sau nawa ake ganin abu?" Ta goge yatsunta a jarida ta koma falo.

Baba ya dawo da fetur, mai gwangwan na biye da shi da amalanke da igiya, ko azahar ba ta yi ba. Ya ce ya zo da wuri ne don ya taya mu jimami. Muka juye tsohon mai muka zuba sabo. Baba ya ɗora ƙafa a kan kik, ya ɗaga jiki, sai gwiwar ta hagu ta amsa. Ya sauko ya dafa bango. Ya sake gwadawa, ko rabi bai kai ba. Ya tsaya yana kallon babur, hannunsa a kan sirdi.

"Baba, kada ka ji wa kanka ciwo a kan gawa," in ji mai gwangwan cikin tausayi. "Kawo in buga maka sau ɗaya, ka ga na yi adalci, sai mu ɗora shi."

Mai gwangwan ya tuɓe takalmi ɗaya, ya gyara hula, ya buga da ƙarfin mutumin da ya tabbata babu abin da zai faru.

Babur ya yi tari. Ya sake tari. Sai ya ɗauka da wata irin ƙara da ta sa tantabarun maƙwabta suka watse. Salansar babur ɗin ta yi aman hayaƙi da ɓawon gyaɗa da tarkacen gidan ɓera, duk a kan amalanke. Mai gwangwan ya yi tsalle gefe da takalmi ɗaya.

Baba ya kama totur ya murɗa. Injin ya amsa. Ya sake murɗawa, ya sake amsawa. Ya sassauta, ƙarar ta kwanta ta koma bugawa a hankali, daidai-daidai. Hawaye na zuba a fuskar Baba, ya ce hayaƙi ne.

"Ni na tashe shi fa," in ji mai gwangwan, kamar zai yi kuka shi ma. "Da ƙafata."

"Allah ya yi wa ƙafar albarka. Ka gaida gida."

Mutumin ya tsaya ya ɗan dubi tsohon bokitin da Baba ke zama a kai, ya ga babu fuska, ya ja amalankensa ya fita.

Umma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Baba ya juya gare ta kamar mai karanta rahoto a gaban taro.

"Kin gani? Datti ne. Ɗan datti da bai kai ƙwayar gero ba. Tun ranar farko na faɗa, amma wancan maƙaryacin ya ce ya mutu. Ni da ban taɓa koyon kanikanci ba, kwana biyar na gano abin da ya gagare shi. Ido ne, da tunani. Yanzu zan je rumfarsa in faɗa masa a gaban mutane cewa bai san aikinsa ba, ya sauke allonsa ya koma sayar da rake."

Na ga leɓen Umma na motsi. Na girgiza mata kai. Ta kau da ido. Baba ya ci gaba da bayanin yadda tun daga jin tarin farko ya san inda ciwon yake.

"Wane datti?" in ji Umma. "Malam, wane datti? Allura ce babu. Ni na sa aka cire, ni na ajiye, ni na mayar ɗazu da kana gidan mai. Injiniya ya san aikinsa sarai. Ka bar bawan Allah ya sha iska."

Baba ya kashe babur. Tsakar gidan ta yi tsit, sai ƙarfen injin da ke ɗan ƙas-ƙas yana hucewa. Ya dube ni, na dubi jarida.

"Shekara goma sha ɗaya," ya ce.

"Da wata huɗu."

"Ina wuce mutumin nan a hanya ina ɗauke kai."

"Ni kuma wata biyar ina ɗaukar ka kamar jariri, kana ce min da ka tashi za ka hau. Me kake so in yi? In ɗaure ka a gado?"

Baba ya zauna a kan bokiti, ya shafa gwiwarsa, ya daɗe yana shafawa. Na ɗauka faɗa zai yi. Da ya ɗago sai ya ce, "Ke kika mayar? Da hannunki?"

"Auta ta riƙe min sifirin."

"Kuma ya tashi bugu ɗaya." Ya girgiza kai, wata dariya ta kuɓuce masa ta hanci. "Ashe da bakanike nake kwana a gida ina yawon neman na waje."

"Kada ka canza zance. Na ce in ya tashi zai zauna, ya zauna. Amma ban ce a hau a shiga babban titi ba."

Aka shiga ciniki. Baba ya ce har kasuwa. Umma ta ce iyakar layinmu. Baba ya ce rumfar Injiniya dai dole, tunda akwai haƙurin da zai bayar. Umma ta ce wannan da ƙafa ake zuwa, ya fi nuna nadama. Daga ƙarshe aka tsaya a kan layinmu da na bayansa, da rana, giya ta biyu, bayan an canza tayoyi an duba birki. Baba kuma da kansa ya ce babur mai rai ba ya zama a ɗakin ajiya, a bakin ƙofa zai riƙa tsayawa inda masu wucewa za su gan shi.

"Saura abu ɗaya," in ji Umma. Ta buɗe tafin hannunta ta miƙo. "Allurar a wurina za ta riƙa kwana."

"Haba, ke kuwa. A gaban yarinya?"

"Yarinyar ce ma za ta riƙa cirewa tana sawa. Auta, ya huce?"

Na taɓa murfin da bayan yatsa. Ya huce. Na dubi Baba. Ya yi ajiyar zuciya, ya ɗaga min hannu alamar in ci gaba.

"A hankali, kada ki lanƙwasa ta," ya ce. Ya bi allurar da ido tun daga hannuna har cikin na Umma, sannan ya gyara murya irin ta mai neman alfarma a ofis. "To gobe da wane lokaci ake zuwa karɓa?"

"Ka fara cin abincin jiya da ka bari," in ji Umma, "sannan mu ga yadda gwiwar ta kwana."